Bijimin da Ya Yi Shuri Bayan Ya Mutu

Babanmu mai yanka ne. Ba mahauci ba, a'a, kada a haɗa, don in yana kusa sai ya gyara wa mutum zance. Shi ba ya fiɗa, ba ya sayar da nama. Nasa ya yi bismilla ya sa wuƙa, ya ja da baya ya ga jini ya yi tsartuwa, dabba ta yi shure-shurenta, sannan ya ce ta halatta. Da sassafe yana kwata wurin mahauta. In ya dawo kuma, duk mai ragon suna ko zakaran baƙi a unguwarmu da ke cikin garin Daura shi yake aiko wa. Ladan mai yanka wuyan dabbar ne, saboda haka tukunyar Inna ba ta rabo da ƙashin wuya. Ni har na yi aure ban san rago yana da cinya ba.

Abin da Baba ya mallaka wuƙa ɗaya ce mai mariƙin ƙaho, da dutsen wasa ta, sai kuma yardar mutane. In ya ce nama ya halatta, ba mai sake tambaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, ko da yake ya sha faɗa cewa ita tsohuwar ba ta da irin bakina.

Katanga ɗaya ta raba mu da Alhaji, dillalin hatsi, mutum mai son a san da shi. A shekarar da nake ba da labari ya turke wani jan bijimi yana jiran Babbar Sallah. Dusa, harawa, kanwa, ba abin da bijimin nan bai ci ba. In ka je gidan, kafin a ba ka ruwa sai an kai ka ka gaida shi. Ranar da tsautsayi ya zo, bijimi ya tsinke igiya ya faɗa wata gona a bayan gari ya cika cikinsa da gyauron dawa. Duk mai kiwo ya san gyauron dawa guba ne ga shanu. Da ƙyar aka koro shi gida, cikinsa ya kumbura tim, yana isowa turkensa ya zube.

Ina cikin gidan a lokacin. Na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, na biya matar Alhaji ta yi mini kitso. Hajiya mutuniyar kirki ce, ga ta da ƙaramin ciki a lokacin. Zana ce ta raba tsakar gida da filin da turken yake. Ina zaune kaina a sunkuye tsakanin gwiwoyinta, ba abin da nake gani sai ƙasa da ƙafafun mutane. Sai ga ƙafafun Alhaji sun shigo a guje. Suka nufi inda ƙanin Hajiya yake zaune yana cin ɗumame. Mai shayi ne a bakin tasha, magidanci da gemunsa, amma abincin rana a gidan yayarsa yake ci. Na ji Alhaji yana yi masa raɗa, irin raɗar nan da ake ji har zaure.

"Ya riga ya cika. Na aika a kira Malam mai yanka. Riƙe nan. In ka ji na yi tari, ka ja."

Sai na ga bakin igiya ya shigo ta ƙarƙashin zana. Ɗaya bakin, ashe, yana ɗaure a ƙafar bijimi ta baya, an lulluɓe shi da harawa. Hannun Hajiya ya tsaya cik a kaina. Na ce, "Hajiya, me nake gani haka?" Ta ce, "Malama, don girman Allah." Ta danna kaina ƙasa.

Ba a danna ni in dannu. Na zame na liƙa ido a wata kafa ta jikin zanar. Ga Baba ya shigo da sauri da wuƙarsa, maƙwabta sun biyo shi. Ya duƙa ya dubi idon bijimin ya ce, "Alhaji, anya da sauran rai?" Alhaji ya ce, "Haba Malam, da ransa mana!" Ya yi tari. Ƙafa ta yi fat! Mutane suka ce, "Da rai, da rai! Malam yi sauri!"

Baba ya yi bismilla ya yanka. Jini ya fito baƙi, a sanyaye, yana gangarowa kamar kunun da ya kwana. Alhaji ya sake tari, ƙafa ta yi fat. Baba ya tsaya yana kallo. To, Baba yana da wani tsohon tari da sanyin kwata ya bar masa, ba ya sallama in zai zo. Ya taso masa a daidai lokacin. Ya yi tari, ƙafa ta yi fat. Ya sake, ta sake. Tarin ya sarƙe shi ya shiga jerowa, ita kuwa ƙafa ta kama rawa kamar ana kaɗa mata kalangu, mai shayi yana bayan zana yana ja da hannu biyu, gumi na zuba. Sauran ƙafafu uku ko gezau. Har wani dattijo ya ce, "Ikon Allah! Ran nasa a ƙafa ɗaya ya taru."

Na ga idon Baba ya bi ƙafar, ya bi harawar, ya tsaya a gindin zana. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya goge wuƙarsa ya miƙe ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Mushe ne. A kai shi bayan gari a binne. Allah ya mayar da alheri." Ya mayar da wuƙar kube ya fita.

Na bi shi gida da rabin kitso, ina zuba tun daga zaure. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Uwata, na gani. Asara ce ta gigita shi. In maganar igiyar nan ta fita, za a ce gidan Alhaji sun so ciyar da Musulmi mushe. Yana da 'ya'ya mata, wa zai aure su? Idan kika buɗe baki a kan wannan, ban yafe ba."

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuta komai ba. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Alhaji ya ga Baba bai tona ba, sai ya gane ba zai taɓa tonawa ba. Kuma abin ya tsaya masa a rai, a ce bijimin da ya cika gari da labarinsa ya ƙare a rami. Bayan Sallah sai ga masinjan kotu da sammaci. Alhaji ya yi ƙarar Baba. Wai bijiminsa da ransa, jama'a sun ga yana shuri, Malam ya yanka shi ya kira shi mushe da gangan, don a yar, abokan cin mushensa mahauta su bi baya su tone su sayar su raba. Kai! Wallahi da aka karanta mana sai da na nemi wurin zama. Baba kuwa ya sa aka kawo wa masinja ruwa, ya tambaye shi ya mutanen gida.

Sharrin ƙarar nan baki biyu gare shi. Ko dai Baba yana haramta halas, ko kuma yana tura wa mutane mushe a kasuwa. Kowanne ka ɗauka ba ka ƙara ba shi dabbarka. Shugaban mahautan kwatarmu ya zo da kansa, yana ta murza hula, ya ce shi ya san Malam, amma masu sayen nama sun fara tambaya, a ɗan huta har shari'a ta ƙare. Aka daina aikowa daga gidajen suna. Wata maƙwabciyarmu da Baba ya yanka ragon sunanta ita kanta, ta ɗauki kaza ta wuce ta ƙofar gidanmu tana ɓoye ta a mayafi, kazar tana kuka tana tona mata asiri. Tukunyar Inna ta koma kuka da daddawa zalla.

Kullum da safe, lokacin da ya saba fita kwata, Baba sai ya zauna a zaure ya jiƙa dutse ya shiga wasa wuƙa. Shuu, shuu. Ya gwada ta a gashin hannunsa, ya mayar kube, ya zauna yana kallon ƙofa. Kashegari ya sake. Inna ta ce, "Malam, me ta yanka da za ta dakushe?" Ya ce, "A same ta a shirye." Sautin nan na tsane shi, har yau in na ji mai wasa wuƙa sai raina ya ɓaci.

Ina da taubashi lauya, ɗan kawuna, yana aiki a Katsina. Tun muna yara nake ce masa Mai Kunnen Faranti, shi kuma yana ce mini Rediyo. Na kira shi na ce, "Kai, karatun da aka sayar da akuyoyi aka yi maka, ga ranarsa ta zo." Ya ce, "Rediyo, rage ƙara, ina cikin mutane." Amma ya zo, ya tsaya wa Baba, kuma bai gaji ba.

Shari'a ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Yau mai ƙara yana zazzaɓi, gobe shaidarsa ya tafi kasuwar Mai'aduwa, jibi an ɗage. Damina ta shigo, aka yi shuka, aka yi noma, muna ta sintiri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Alhaji mutum ne mai nauyin barcin safe, kuma Baba ya san haka. Duk ranar zama sai ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Alhaji, fito kada mu makara. Yau muna da kotu."

"To Malam, ga ni nan. Bari in sa hula."

Su jera su tari adaidaita ɗaya, mai ƙara da wanda ake ƙara, Baba har yana gyara masa babbar riga kada iska ta kwashe ta. Na ce, "Baba, wannan wace irin shari'a ce? Mutum yana neman ɗaure ka, kai kana tashinsa daga barci?" Ya ce, "In bai je ba ɗagewa za a yi. Kuma maƙwabcina ne." Inna ta ce, "Ƙyale shi, Uwata. Wata rana har kunu zai kai masa."

Da alƙali ya tambayi Baba dalilinsa na cewa mushe ne, ya ce jini bai yi tsartuwa ba, ido bai ƙifta ba. Alƙali ya ce, "To shurin da shaidu suka gani fa?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shi wannan Allah ne masani." Ina zaune a bencin mata kamar in fashe. Dattawan unguwa kuwa suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya suna faɗin gaskiyarsu, wallahi sun ga ƙafa tana shuri. Ba ƙarya suka yi ba, ai sun gani.

Taubashina ya ja ni gefe a harabar kotu ya ce, "Rediyo, shirun nan naki ba na lafiya ba ne. Kin san wani abu." Na ce, "An rufe mini baki da rashin yafiya." Ya ce, "To." Na ce, "Amma ba a hana ni ba ka shawara ba. In mai shayi ya zo ba da shaida, tambaye shi inda yake tsaye." Ya dube ni, kunnuwan nan suka motsa. Ko sunan igiya ban ambata ba, Allah shaida.

Ranar da mai shayi ya zo, ya sha sabuwar shadda, ya fesa turare. Mutum ne da ya saba da taro a teburinsa, in ya fara labari ba ya son a fi shi sani. Ya ce bijimi ya yi shuri, shuri mai ƙarfi, shi ya fi kowa sanin haka. Taubashina ya miƙe a hankali ya ce, "Malam, a ina kake tsaye lokacin?"

"A tsakar gida, bayan zana."

"Zanar tana da taga?"

"Wace irin taga kuma a jikin zana?"

"To ta ina ka ga shurin?"

"Ai ni ba gani na yi ba, a hannuna na ji shi. Su da ke waje kallo kawai suka yi."

Alƙali ya ajiye alƙalami ya ce, "A hannunka?"

A nan ne Alhaji, don ya tsayar da surukinsa, ya yi wani tari mai ƙarfi. Wallahi, wallahi, idona ya gani, hannun mai shayi sai da ya fizga baya. Ya dubi hannun, ya dubi Alhaji, ya dubi Alƙur'anin da ke gaban alƙali. Sai jikinsa ya mutu. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai ce mini aka yi in na ji tari in ja. Kuma tarin ya yi yawa, ban san na wane ne ba."

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan da ke tsawatarwa ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa. Baba kaɗai bai yi ba. Ya rufe fuska da hannu kamar shi aka kama. Alƙali ya sallame shi, ya ce ba shi da laifin komai, ya wanke Alhaji tas da faɗa. Da muka fito Baba ya dube ni ya ce, "Uwata." Na ce, "Ban buɗe baki ba." Ya ce, "Na sani. Taga kika buɗe." Ya tari adaidaita, ya tsaya yana waige ko Alhaji zai fito su tafi.

Na ɗauka shi ke nan, gobe Baba zai koma kwata. Ina! Ƙarar ta shiga kowane gida, amma hukuncin a ɗakin kotu ya tsaya. 'Yan unguwar da suka ji da kunnensu dattawa ne irin Baba, suka ce a rufa wa Alhaji asiri. Shi kuwa ya riga kowa isa kasuwa, yana cewa ya yafe ne saboda maƙwabtaka da tsufan Malam. Wasu suka ce lauya ne ya rikita shaida da turanci, alhali ko kalmar turanci ba a yi ba. Mahauta sun riga sun sami wani mai yankan, suna jin nauyin sallamarsa. Aka yi suna a gida na uku da namu, aka ɗauko mai yanka daga wata unguwa a kan babur. Da safe kuma, shuu, shuu.

Na sake kiran taubashina na ce, "Mai Kunnen Faranti, wannan nasarar taka ba ta da nama." Ya zo ya zauna a gaban Baba ya ce, "Baba, doka ba ta bar wanda aka yi wa irin wannan hannu rabbana ba. Wanda ya kai ka kotu alhali ya san ƙarya yake yi, don ƙeta kawai, kai ma kana da ikon ka kai shi. Abin da za a nema mu nuna, shi ne ya tayar da ƙarar, kuma ta ƙare kai ke da gaskiya. Wannan an gama. Sai a nuna ba shi da wani dalili na zarginka tun farko, kuma mugunta ce ta kai shi. To mutumin da ya ɗaura igiya da hannunsa, wane dalili zai kawo? A irin wannan shari'a ƙetar ce ke da wuyar tabbatarwa, mu kuwa surukinsa ya kawo mana ita har gida."

Baba ya ce, "In an yi haka sai me?"

"Sai a sa shi ya biya ka diyya. Ta sunanka da ya ɓata, da sana'arka da ta tsaya, da wahalar sintiri."

"In ya biya, sai a dawo ana aiko mini da kaji?"

Taubashina ya ce, "Wannan kam kotu ba ta iya sa wa. Amma in sammaci ya shiga gidansa, zai zo neman sulhu. Ran nan kai ke da ta cewa."

Baba ya ƙi. Inna ce ta karya shi. Ba ta ɗaga murya ba, daga bakin murhu ta ce, "Malam, ka rufa wa 'ya'yan Alhaji asiri, Allah ya ba ka lada. Naka 'ya'yan fa? Jiya a makaranta an ce wa jikarka jikar mai mushe."  Sai Baba ya ce wa taubashina, "Rubuta. Amma ba ni son ko ƙwandalarsa."

Masinjan nan dai shi ya kawo sammacin, ya biya ta gidanmu ya sha ruwa, sannan ya shiga ƙofa ta gaba. Aka yi dace, ko rashin dace, ranar Hajiya ta kwana biyu da haihuwar ɗa namiji. Kafin la'asar Alhaji ya aiko dattawa biko. Aka taru a zauren mai unguwa. Ni ina daga ciki wurin matan gidan, kunnena a ƙofa. Alhaji ya yi laushi kamar tsumma, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Na ce a raina, Shaiɗan dai bai iya ƙulla igiya haka ba. Ni so nake a sa shi ya zaga kasuwa da mai shela yana cewa ƙarya na yi. Taubashina ma kusan abin da ya kawo ke nan, da ɗan gyaran lauyoyi.

Baba ya ce, "A'a. Ba na son ya ce komai. Na ji an ce ya yi magana da wani zai yanka masa ragon suna. To ni zan yanka. A ƙofar gida, bayan an raɗa suna, kafin jama'a su watse. Kuma shi zai riƙe mini ƙafafun baya da hannunsa."

Mai unguwa ya ce, "Shi ke nan, Malam?" Ya ce, "Shi ke nan." Na leƙo na ce, "Haba Baba!" Aka ce in koma ciki. Taubashina ya ce ba zai janye ƙara ba sai an cika alkawari, kuma ya kai sulhun gaban alƙali aka amince. Ya ce mini, "Rediyo, tsohon nan ya fi ki mugunta, ba ki gane ba ne."

Ranar suna unguwa ta cika maƙil, don labarin sharaɗin ya bazu, kuma wanda ya ji sai ya tambayi dalili, wanda aka tambaya kuma sai ya faɗa. Har mahautan kwata suka zo da shugabansu. Mu mata muka hau kan turame muna leƙe ta saman katanga. Alhaji, da yake ba ya iya yin abu kaɗan, ya sayo wani ƙaton rago fari mai ƙaho murɗaɗɗe. Aka raba goro, aka yi addu'a, aka kayar da rago. Wani ya kawo igiya zai ɗaure ƙafafun. Baba ya ce, "A'a, a kai igiyar nan can." Wurin ya yi tsit, sai wani can baya ya yi tari, aka yi ta danne dariya.

Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa ya durƙusa ya kama ƙafafun baya. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi bakin buhu ƙarfi ba. Baba ya fuskantar da rago alƙibla, ya yi bismilla ya yi kabbara, ya ja wuƙa sau ɗaya. Jini ya yi tsartuwa har jikin katanga. Rago ya tattara ƙarfinsa ya sakar wa Alhaji ƙafa biyu a ƙirji. Sai ga Alhaji zaune daɓas a cikin kwatami, hula a gefe, takalmi ɗaya a sama.

Baba ya tsaya a kansa, wuƙa na ɗiga, ya ce, "Alhaji, ya yi shuri?"

"Ya yi, Malam."

"Ɗan ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

"Ya yi shuri, Malam! Wallahi ya yi!"

"To ya halatta. Allah ya raya."

Ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya ɗauko masa hular ya kaɗe. Mutane kuwa har da masu riƙe ciki. Ni na faɗo daga kan turmi, ban ma ji zafi ba.

Kafin Baba ya shigo gida an riga an aiko da wuyan ragon a faranti, Hajiya ta ɗora hanta a kai, abin da ba a saba ba. Inna ta karɓa ta juya shi ta ce, "Maraba da baƙon da ya daɗe."

Baba ya tsuguna a bakin rariya ya ce, "Uwata, zuba mini ruwa." Na ɗauko buta ina zuba masa yana wanke wuƙar. Rabona da in gan ta kusa tun kafin ƙarar. Da jinin ya tafi sai na ga abin da ya rage. Wuƙar da na sani mai faɗi kamar tafin hannu ta zama siririya, dutse ya cinye kusan rabinta, ba tare da ta yanka ko kaza ba.  Na fashe da kuka, kuka sosai, ruwan butar yana zuba a ƙasa.

Ya ce, "Ke kuma mene ne? Zuba a nan."

Sai aka yi sallama a zaure. Maƙwabciyar nan ce mai ɓoye kaza a mayafi. Ta ce ko Malam yana nan, baƙi ta yi, ga zakara. Baba ya miƙe zumbur ya ce, "Yana nan! Ga shi nan fitowa!" Ya goge wuƙar a gefen rigarsa ya nufi zaure da sauri, Inna tana bin sa da takalmansa tana cewa ya tsaya ya sa.